Shigo da na'urorin likita Damagaram: daga ina ake farawa?

Alhaji Mutari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai 'yan kasuwa a nan Zengo da ke shirin haɗa jari su fara kawo kayan likita: na'urar eko mai ɗaukar hoton cikin jiki, injin iskar oksijan, na'urar ƙirga jini, da ƙananan kaya irin su safar hannu da sirinji. Wani kamfani na Sin ya riga ya turo musu purforma, wato takardar farashi, farashin kuma ya yi daɗi. Kafin a tura kuɗi nake son masu sani su faɗa mana gaskiya. Wace takarda ake nema, a wane biro, kuma ta wace hanya kayan za su iso?

Hajiya Harira: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce musu su riƙe kuɗinsu tukuna. Kayan likita ba shadda ba ce da za ka sauke a kasuwar Dole ka kira masu saye. Izini iri biyu ne, mutane kuma suna yawan haɗa su wuri ɗaya. Na farko na kamfanin ne: rajistar kasuwanci ta RCCM, lambar haraji ta NIF, sannan amincewar hukumar lafiya cewa wannan kamfani yana iya shigo da irin waɗannan kaya ya rarraba. Na biyu na kayan ne, kowane zuwa da nasa izinin shigowa. Hukumar da ke kula da magunguna da dangoginsu ita ce ANRP, a Yamai take. Wani daga cikinsu ya je da ƙafarsa ya karɓo jerin takardun da ake nema yanzu, a rubuce. Kada a dogara da dosiyen wani na shekara uku da suka wuce.

Abin da za su nema daga kamfanin da ya ƙera kayan kuwa tun yau ake fara shi: takardar ISO 13485, ta tsarin ingancin masu ƙera kayan likita, wadda ba ta ƙare ba, takardar CE, wato shaidar cika ƙa'idar Turai, ko ta hukumar ƙasar da aka ƙera, takardar da ke nuna ana sayar da kayan a can ƙasarsu ba tare da hani ba, da wasiƙar da ta naɗa su wakilai a Nijar. Sai littafin amfani da lakabin kwali da Faransanci. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Majo a CSI na ƙauye ba zai zauna yana fassara littafin Ingilishi ba, balle na Sinanci.

Alhaji Mutari: Hajiya, na gode. Sun ce kayansu duka akwai CE a jiki. Ashe wannan bai wadatar ba?

Malam Laminu: Alhaji, buga haruffa biyu a jikin kwali kowa na iyawa. Ga yadda ake tantancewa. A dokar Turai kayan likita aji-aji ne: I, IIa, IIb da III, gwargwadon haɗarinsu ga majinyaci. Gadon likita ko keken guragu aji na I ne, mai ƙerawa da kansa yake shaidar kansa, CE ɗin ba lamba a gefenta. Amma eko, injin oksijan, na'urar hoton ƙashi, duk sun wuce nan, dole wata hukuma ta daban ta bincika, kuma lambarta mai ƙwaya huɗu tana maƙale da CE ɗin. Misali 0123 ta TÜV SÜD ce, 0197 ta TÜV Rheinland, 2797 ta BSI ta Holan. In ka ga eko da CE tsirara babu lamba, ciniki ya ƙare a nan.

In da lambar, sai a karanta takardar da kyau. Sunan kamfanin da ke jikinta shi ne na jikin na'urar? Irin na'urar na cikin abin da takardar ta ƙunsa? Sau da yawa takardar gaskiya ce amma ta wani kaya ce dabam, ta ma'aunin zafi, aka liƙa wa injin oksijan. Wata kuma ta gwajin lantarki ce kawai, ba ta da alaƙa da dokar kayan likita. Dokar yanzu ita ce 2017/745, ta fara aiki sosai a Mayun 2021, ta kayan labo kuma 2017/746 a Mayun 2022. Har yanzu akwai tsofaffin takardu na tsohuwar doka 93/42 da ake karɓa a ƙarƙashin wa'adin sauyi, to mai irin wannan sai ya haɗo da wasiƙar hukumar da ta ce tana ci gaba da sa masa ido. Waɗannan hukumomi suna da shafukan da ake sa lambar takarda a ga ko tana raye. Aikin minti goma ne.

Haka maganar Amurka. In aka ce kamfani ya yi rajista da FDA, hukumar abinci da magungunansu, sunansa kawai ya rubuta a kundi. Abin da ke nuna an duba na'urar shi ne lambar 510(k), wadda ke farawa da harafin K.

Habu: Ni dai ina ganin ana tsawaita magana. Kano tana nan kilomita kusan 240, ka bi ta Matamaye da Dan Barto da safe, azahar kana can. Duk abin da Alhaji ya lissafa akwai shi a Kano, da lambar hukumar magunguna ta NAFDAC a jiki, ga naira ta yi sauƙi. Me zai sa mutum ya jira kwantena wata da watanni?

Hajiya Harira: Habu ƙanena, lambar NAFDAC ta Najeriya ce, a bakin iyaka aikinta yake tsayawa. Ba ta maye gurbin izinin Nijar. Saye a Kano ba laifi ba ne in an bi ƙa'ida: faktir na gaskiya daga dillalin da kamfani ya sani, izinin shigowa, a bayyana kaya a duwan. Amma abin da aka cusa ƙarƙashin buhunan masara ba za ka taɓa sayar wa likitar gwamnati ko wata ƙungiya ba, don za su nemi takardar duwan da asalin kaya. Ranar da masu bincike suka shiga magazan kuma kwashewa za su yi.

Malam Laminu: Akwai kuma garanti. Manyan kamfanoni sun raba ƙasashe tsakanin wakilansu. Na'urar da aka sayar wa dillalin Najeriya, lambar jikinta a Najeriya take rubuce. In ta lalace a Damagaram ka kira kamfani, za su ce ka koma wurin wanda ya sayar maka, shi kuma zai ce garantinsa bai tsallaka iyaka ba. Amma Habu na da gaskiya ta wani gefen. Ƙananan piyes, fis, bel, batir, firinta, takardar eko, man shafawa na eko, Kano ta fi ko'ina kusa da mu. Kuma in samfurin da za ku wakilta yana da teknisiyan a Kano, wannan riba ce babba, don Yamai kilomita kusan 900 ce daga nan.

Habu: To na ji ta garanti. Amma safar hannu da auduga da sirinji fa? Su ma sai an yi duk wannan?

Hajiya Harira: Su ne ma suka fi. Sirinji cikin jikin mutum yake shiga. Duk abin da aka ce an kashe masa ƙwayoyin cuta dole kwalinsa ya nuna lambar rukuni, ranar ƙarewa, da hanyar da aka bi, EO in da gas ne, R in da haske ne. In wata matsala ta ɓullo, da lambar rukunin nan ake bin sawun kayan a janye su. Mai shigo da kaya ya riƙe kundi: rukuni kaza, kwali nawa, an sayar wa wa, ranar kaza. Wanda ba shi da wannan kundi bai shirya wa sana'ar ba.

Sanusi: Barkanku da dare iyayena. Bari in sa baki ta wajen hanya da duwan. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 hanyar Kwatano zuwa Gaya, wadda da ita ce uwar hanya, ta daina zama abin dogaro. Kaya da yawa sun koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Ayari ba kullum yake tashi ba, mota na iya kwana da kwanaki tana jira. Daga Yamai kuma sai a ɗauko RN1, Doso, Konni, Maraɗi, Tasawa, kafin nan. Wanda zai sa hannu a kwangila ya lissafa wannan cikin wa'adinsa, in ba haka ba tarar jinkiri ta cinye ribar.

Shawarata a raba kayan gida biyu. Masu nauyi da zafi bai dame su ba, gadaje, tebura, safar hannu, su biyo teku. Eko, na'urar labo da reyaktif, wato ruwan gwaji, su biyo jirgin sama zuwa filin Diori Hamani. Na'ura mai batirin lityum a ciki a faɗa wa kamfanin jirgi tun farko, tana da nata ƙa'idar ɗauri da takarda.

Alhaji, a duba purformar nan, wane sharaɗi aka rubuta? In EXW ne, farashin na ƙofar masana'anta ne, daga nan komai a wuyanku yake, shi ya sa yake yin daɗi a ido. FOB ya kai tashar jirgin ruwansu. CIF Lome a Lome ya tsaya, bai san da Burkina ba. Ga sabon shiga ya fi sauƙi a nemi CIP Yamai, wato mai sayarwa ya biya kuɗin kawowa har Yamai, da inshora a ciki.

Alhaji Mutari: EXW ne kuwa, yanzu na duba. Sanusi, duwan nawa take ci?

Sanusi: Ya danganta da lambar kaya a tarif, ranka ya daɗe. Tarif ɗin bai ɗaya na yankinmu hawa biyar ne: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Eko na 9018, injin oksijan 9019, na'urar hoton ƙashi 9022, reyaktif na labo 3822, gadon likita 9402, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta 8419, safar hannu ta roba 4015. Kowace lamba da kuɗinta, sannan a ɗora ƙananan haraji, har da rabin kashi ɗaya na AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, da aka sa a 2025, sannan TVA mai kashi 19 a kan abin da ba a yafe ba. Tiranziter, mai fitar da kaya daga duwan, ya buga muku lissafin layi-layi kafin a yi oda, kada ku yarda da "kayan lafiya ba sa biya". Yafiya takarda ce da ake samu kafin kaya su iso, da sunan wani aiki ko wata hukuma, ba magana ce ta baki ba.

Inda ake yawan faɗawa rami: faktir ɗaya a rubuta "kayan likita, kwali 40". Jami'i ba zai iya sa lamba ba, sai a buɗe komai, kwanaki su tafi, kuɗin ajiya na hawa. Kowane kaya da layinsa, samfuri, lambar jiki, adadi, farashi, kuma jerin kwalaye ya yi daidai da faktir ƙwaya da ƙwaya. Kada a manta takardar bin sawun kaya ta CNUT, hukumar masu amfani da sufuri, da rajistar cinikin a banki in kuɗin ya kai mizanin da dokar UEMOA ta sa. Wani abu kuma: in kamfanin zai karɓi yuro, a biya da yuro. Sefa a ɗaure take da shi, 655,957 kowane ɗaya, na'urar yuro 10.000 sefa 6.559.570 ce yau da gobe. Dala kuwa tana iya motsawa tsakanin ranar oda da ranar cikon kuɗi.

Dokta Nana Hadiza: Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ni abin da ke ci mini rai yana bayan duwan. A leƙa ɗakin ajiya na kusan kowace likita a ƙasar nan, za a ga na'urori a jere an lulluɓe da zane, ƙura ta yi musu rawani. Wata fis kawai take nema, wata igiyar kan eko ce ta karye, wata tun da ta zo ba a taɓa kunna ta ba don wutar 110 take sha. A lokaci guda ga yaro a gado yana jan numfashi da ƙyar, haƙarƙarinsa na shiga ciki, ana neman oksijan. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Alhaji, in waɗannan mutane sauke kwali kawai za su yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa za su tsaya a bayan kayansu, wallahi ana bukatarsu, daga Tanut har Magarya da Gure.

Malam Laminu: Dokta ta taɓo wurin. Abu huɗu ke kashe na'ura a Damagaram: wuta, zafi, ƙura, ruwa.

Wutarmu 220 zuwa 230 ce, 50 Hz, da soket irin na Faransa. A rubuta wannan cikin oda. Tsohuwar na'ura daga Amurka 110 ce, 60 Hz. Tiransfo zai gyara ƙarfin wutar amma ba zai gyara 60 ɗin ba, injin da ke juyawa a ciki da kwampireso za su riƙa gudu a hankali suna zafi har su ƙone. Ɗaukewar wuta ma ba ita ce babbar matsala ba, dawowarta ce, da lokacin da ake juyawa zuwa gurup. Eko da na'urar labo su zauna a kan ondila, akwatin riƙe wuta, irin mai juya wuta sau biyu, ba ƙaramar nan ta kwamfutar biro ba. Kuma a auna wayar ƙasa ta ginin kafin a kafa komai. Ƙasarmu busasshiya ce, wani wurin dutse, sandar da aka kafa ba ta kamawa sai an zurfafa an ƙara wasu.

Injin oksijan mai lita 5 a minti yana cin wat kusan 350. A ce wuta ta tafi awa 8, kilowat-awa 2,8 ke nan. A ƙara asarar inbata, a tuna batirin dalma rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, sai ka ga ana neman kusan 6,5. Batir 12V 200Ah ɗaya 2,4 ne, to uku rararsu kaɗan ce, huɗu ake haɗawa. Inbatan kuma ya ninka ƙarfin injin sau biyu ko uku saboda fizgar kwampireso in zai tashi. Wanda ya sayar da injin bai faɗa wa mai saye wannan lissafi ba, ya sayar masa da rabin kaya.

Yawancin injinan nan an yi su ne su yi aiki har zafi 40. A watan Afrilu da Mayu ɗaki mai rufin kwano yana wuce haka. A nisanta shi da bango taƙi ɗaya ko biyu, a wanke soson tace iska na waje kowane mako, lokacin hunturu har sau biyu, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar, shi ya sa ake son soso biyu ga kowane inji. In ƙura da laima suka kai ga tulunan ziyolayit na ciki, masu tace oksijan daga iska, injin zai ci gaba da ƙara, ƙwallon lita na tashi daidai, amma abin da ke fitowa kusan iskar ɗaki ce. Mai lafiya yana ba da kashi 90 zuwa 96. In ya sauka ƙasa da 82 a cire shi daga kan majinyaci. Ido ba ya ganin wannan, sai da ma'aunin oksijan na hannu, don haka teknisiyan ɗinku ya mallaki ɗaya tun ranar farko.

Ruwa kuma kowa ya san halin garin nan. Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta in aka riƙa zuba mata ruwan garuwa, farin gishiri zai naɗe ƙarfen dumamawa har ya fashe. A sayar da ita tare da ƙaramin injin tace ruwa ta hanyar tururi.

Issufu: Ni ta labo zan yi. Alhaji, na'urar ƙirga jini ba a jikinta kuɗin yake ba, a ruwanta yake. Iri uku take sha kullum: na sirkawa, wanda ke zuwa a jarka mai lita 20, na fasa ƙwayoyi, da na wanki. Yawancinsu a kulle suke, sai ruwan kamfaninsu, wasu har da kati ko lamba da za ka sa kafin su karɓa. Kafin a zaɓi samfuri a tambaya: gwaji ɗaya nawa yake kamawa in an haɗa da wankin safe da na kashewa? Labon da ke yin gwaji 10 a rana yana zubar da ruwa a wanki kusan yadda mai 60 ke yi, to kuɗin gwaji ɗaya ba ɗaya ba ne. In ruwan ya yanke wata ɗaya, na'urar ta zauna, bututunta su bushe, ƙaramar ƙofar ƙirga ta toshe.

Jinin kwantirol kuma, wanda ake gwada daidaiton na'ura da shi, rayuwarsa gajera ce, 'yan watanni a rufe, 'yan makonni in an buɗe, kuma tsakanin 2 da 8 yake zama. Ba zai biyo ayarin Tera ba. Jirgi, kwalin sanyi, da na'urar rubuta zafi a ciki wadda za a karanta ranar karɓa. Gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro ko na sida a ɗauko daga jerin da OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta tantance, a duba iyakar zafin da ke kwali, wasu 30 wasu 40. Magazan ɗin da babu kilim a nan ya wuce 30 mafi yawan shekara. A kuma sa cikin yarjejeniya cewa kaya su iso da mafi yawan wa'adinsu a gaba, kada a turo muku mai saura wata huɗu.

Alhaji Mutari: Allah ya saka da alheri. Ɗaya daga cikinsu yana maganar na'urar hoton ƙashi, wai wata kilinik na so.

Malam Laminu: Wannan ƙofa ce dabam. Duk abin da ke fitar da haske irin na radiyo sai da izinin ARSN, hukumar kula da tsaron nukiliya, na shigowa da na amfani. Ana duba ɗakin, kaurin bango ko dalmar da aka sa, ƙofa, gilashin da ma'aikaci ke tsayawa bayansa, rigar dalma, da ma'aunin hasken da yake ratayawa. Ɗaki ake fara shiryawa kafin na'ura ta taso, tun ran gini tun ran zane. Babbar kuma wuta mai layi uku take so, a tabbatar NIGELEC ta kai ta wurin. Ni dai ba zan ba sabon shiga shawarar farawa da ita ba.

Hajiya Harira: Saura maganar wa zai saya, yaushe zai biya. Kwangilar gwamnati tana neman takardar tsarkin haraji, lamunin banki, izinin mai ƙerawa, da shaidar cewa ka taɓa yin irin aikin, ga biya na iya daɗewa. Tun 2006 ake kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma jinkirin mayar wa likitoci kuɗinsu abu ne da aka daɗe ana kuka da shi, shi ke sa su ma su jinkirta wa mai kawo kaya. Magunguna da kayan amfanin yau da kullum na gwamnati da yawa ta ONPPC, ofishin magunguna na ƙasa, suke bi, manyan ƙungiyoyi kuma galibi daga cibiyoyinsu na waje suke oda. Abin da ya rage wa ɗan kasuwar Damagaram a farko shi ne kilinik masu zaman kansu, ƙananan labo, farmasi, da kwangilar gyara. Jarin da zai shiga hannun gwamnati ya zama wanda za a iya haƙura da shi wata shida ko fiye.

Dokta Nana Hadiza: Kuma ranar miƙa na'ura a yi takarda. A kunna ta gaban mai karɓa, a gwada, a koya wa aƙalla mutum biyu, don in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada ilimin ya tafi da shi. A liƙa lambar wayar teknisiyan a jikinta. Littafin amfani ya zauna a ɗakin da na'urar take, ba cikin durowar darakta ba.

Malam Laminu: A cikin yarjejeniya da kamfani kuma a nemi abu uku a rubuce: littafin gyara tare da lambar sirrin shiga sashen gyara, horar da teknisiyan ɗinku ɗaya, da alkawarin piyes na shekaru kaza bayan saye. Garanti ya fara daga ranar kafawa, ba ranar da kaya suka bar masana'anta ba, in ba haka ba wata uku ko huɗu sun tafi a hanya. Odar farko ta zo da kayan canji: sosuna, matatar ciki, fis, tulunan ziyolayit, igiyoyin ma'aunin oksijan na yatsa na manya da na jarirai.

Habu: To in haka ne ai gara su ɗauki samfuri ɗaya ko biyu su san shi ciki da waje, maimakon wannan dogon jeri.

Alhaji Mutari: Haka nake gani ni ma. Zan ce musu a ajiye eko da hoton ƙashi, a fara da injin oksijan da ma'aunin yatsa. Malam Laminu, gobe in Allah ya kai mu bayan la'asar zan turo maka takardar CE ɗin da suka aiko ka duba lambar. Sanusi, kai kuma ka buga mana lissafin 9019 a kan CIP Yamai, inji goma, da kuɗin mota zuwa nan.

Sanusi: To ranka ya daɗe. A turo mini da nauyin kowane kwali da girmansa, jirgi da girma yake caji in ya fi nauyi.